Kafin ka sa wa babur ɗinka alam, duba hannun da zai ɗaura shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu babur, musamman waɗanda suka tara kuɗi da guminsu suka sayi sabo, barci ya ƙaurace musu saboda tsoron ɓarayi. Duk wanda ka tambaya shawararsa ɗaya ce: je ka a sa maka alam. Shawarar ba ta da laifi. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne, alam ɗin da aka ɗaura da ganganci yana iya jefa mai babur cikin haɗarin da ya fi sata muni. A kaina abin ya faru, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Babur ɗina ƙarami ne, 125cc. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake kai yara makaranta. Sati biyu da sayensa na kai aka sa masa alam, kuma tambayar da na yi guda ɗaya ce: yana da ƙara? Mai aikin ya danna rimot, jiniya ta tsala ihu har na toshe kunne. Ko minti ashirin bai yi ba ya gama, na biya na tafi hankali kwance. Bayan wata uku, ina tafe da daddare da ɗiyata a baya, motoci na biye da mu, sai inji ya mutu ɗif a tsakiyar titi. Allah ne ya tsare na samu na gangara gefe. Har yau in na tuna yadda yarinyar nan ta ƙanƙame ni, sai gabana ya faɗi.

Washegari na tura babur ɗin wurin wani dattijo mai gyaran wayoyi. Ya cire kujera da murfin gefe, ya haska tocila, ya ce in matso in gani da idona. Wayar da ke kai wuta akwatin CDI, wanda shi ke sa fulogi ya yi tartsatsi, an yanke ta an ratsa da ita ta cikin alam ɗin. Wannan daidai ne, ta haka alam ke hana inji tashi. Amma bakin wayoyin da hannu kawai aka murɗe su, aka naɗe da salatif. Zafi ya narkar da gam ɗin salatif ɗin, girgizar hanya ta sassauta murɗin, danshi ya shiga har tagullar ta yi kore-kore. Dattijon na taɓa ta da ɗan yatsa ta rabu biyu. Ya dube ni ya ce, "Malam, alam bai kashe maka inji ba. Hannun da ya ɗaura shi ne ya kashe."

Na zauna kusa da shi har ya sake aikin, kusan awa biyu. Kafin ya taɓa komai sai da ya kwance wayar batir ta ɓangaren alamar ragi. Kowane haɗi ya like shi da dalma, ya zura masa robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Wayar da ke ɗauko wuta daga batir zuwa alam ya sa mata fiyus ɗinta daban, dab da batir, domin mai aikin farko kai tsaye ya haɗa, babu fiyus ko ɗaya, ga shi wayar ta bi ta ƙarƙashin tankin mai. Da ta goge a jikin ƙarfe, gobara ce. Sannan ya naɗe sababbin wayoyin tare da na asali ta yadda ba za ka bambanta su ba, ya ɗauke akwatin alam ɗin daga ƙarƙashin kujera, inda nan ne ɓarawo zai fara leƙawa, ya cusa shi can ciki, nesa da zafin salansa, bakin soket ɗinsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

A nan ne ya koya mini abin da nake so kowane mai babur ya riƙe: launin waya ba ɗaya ba ne a kowane babur. A tsarin Honda, wanda babura da yawa ƙirar China ke bi, koriyar waya ce ke komawa jikin ƙarfe, baƙa kuwa ita ke ɗauke da wuta bayan an murɗa makulli. A Yamaha baƙar ce ke komawa jikin ƙarfe, mai ruwan ƙasa ke ɗaukar wutar makulli. A Suzuki baƙa mai ratsin fari ce ta jikin ƙarfe, alhali a ƙananan Honda masu CDI waya mai wannan launin ita ce ta kashe inji. To, takardar da ke zuwa cikin kwalin alam sau da yawa tsari ɗaya kawai take nunawa. Wanda ya bi launi ido rufe, bai gwada kowace waya da mita ba, yana iya ƙona CDI ko alam ɗin kansa tun ranar farko.

Sai maganar batir, wadda ita ma ta dame ni ban san dalili ba. Alam ba ya barci. Ko babur na ajiye, yana jan wuta kaɗan-kaɗan yana sauraron rimot. Batirina mai 12V ne, 5Ah, wato miliam 5,000 na awa ɗaya (miliam ma'aunin wutar da ake ja ne). Da dattijon ya ratsa mitarsa tsakanin batir da wayarsa, sai muka ga tsohon alam ɗin yana jan miliam 15. A lissafa: 360 a kwana, 2,520 a sati, rabin batir ke nan ya tafi babur bai motsa ba. Ashe shi ya sa duk lokacin da na yi tafiyar kwanaki na dawo sai da kik yake tashi. Kuma batir irin wannan in ana yawan barinsa yana yin ƙasa haka, rayuwarsa gajeruwa take yi. Sabon alam ɗin da na sa yanzu miliam 2 yake ja. Wannan lamba ita ce ya kamata mai saye ya fara tambaya, in ba a rubuta a kwali ba a auna a gabansa.

Ƙarar jiniya kuwa, yawancinsu a kwali za ka ga an rubuta desibel 110 zuwa 125, duk sun isa su tashi mai barci. Abin dubawa shi ne ko jiniyar tana da ɗan batirinta a ciki, ta yadda in an yanke wayar batirin babur za ta ci gaba da kuka. A duba ko yana jin karkatawa, wato in an ɗaga babur daga kan ƙafarsa, ban da jin girgiza kawai. A duba ko rimot ɗin mai canza lambar sirri ne a kowane dannawa, domin mai lamba ɗaya tak ana iya kwafe shi. A kuma daidaita ƙarfin jinsa. Alam ɗin da ke ihu don babbar mota ta wuce ko mage ta hau kujera, cikin sati guda maƙwabta za su daina leƙowa, ranar da ɓarawo zai zo kuma ba wanda zai motsa.

Abubuwa biyu ne na ce a cire mini gaba ɗaya, kuma ina ba kowa shawarar ya yi tunani a kansu. Na farko tayar da inji da rimot daga nesa. In ka manta babur a cikin giya, maɓalli ya dannu a aljihu, zai zabura ya faɗi, wataƙila a kan yaro. Na biyu kashe inji da rimot alhali babur na gudu. Ana tallarsa a matsayin maganin masu ƙwace, amma wanda ya taɓa jin inji ya mutu masa a cikin motoci ya san abin da nake gudu. Na roƙi dattijon ya haɗa shi yadda zai hana inji tashi kawai.

Kada kuma kowa ya ɗauka da ya sa alam ya gama. Ƙato biyu ko uku suna ɗaga ƙaramin babur su jefa a bayan mota, jiniya na kuka su yi gaba. Alam kira ne yake yi, ba ya riƙe babur. Ni yanzu ina kulle kan babur, in zura sarƙa mai kauri ta cikin firam in ɗaure a jikin ƙarfen da aka kafa a ƙasa, kwadon kuma ba na barinsa kwance a ƙasa inda za a samu wurin dukansa da guduma. Mai birkin faifai yana iya ƙara makullin faifai mai jiniya, amma ya ɗaura igiyar tunatarwa zuwa hannun babur, don kada ya manta ya ja da shi a kulle. Mai hali ya ɓoye na'urar bin sawu mai aiki da GPS da layin waya, a wani wuri daban da na alam, ya kuma tuna ita ma batir take ci.

Roƙona ga masu wannan sana'a shi ne su ji tsoron Allah, su sani wayar da suka murɗe cikin gaggawa rai take ɗauke da shi. Mai babur kuma ya tsaya a wurin har a gama, ya ce a nuna masa fiyus da kowane haɗi kafin a mayar da murfi, ya gwada sigina da fitila da hon da birki kafin ya hau titi. Kai kuma Malam Edita, da za ka gayyato wani ƙwararren mai gyaran wayoyin babur ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu ko sau ɗaya a wata, da mun gode ƙwarai.

Wassalam.

Naka,
Wani mai babur, mai karanta jaridarku kullum