Godiya Ga Shagon Kayan Haɗa Ƙananan Motoci Na Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji mai shago, ranka ya daɗe, da ƙannenmu da ke tsaye a kanta, muna gaishe ku da aiki. Mu ne Hausawan nan mazauna Jidda da Makka masu haɗa ƙananan motocin roba, waɗanda kuka saba gani bayan La'asar muna jujjuya kwalaye. Mun ga ya dace mu yi godiyarmu a fili, domin yaba kyauta tukwici, kuma domin ɗan'uwan da ke son mayar da motar kwali mai ƙofa biyu ta koma tsohuwar salun mai ƙofa huɗu ya san inda zai dosa.

Babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gaskiyar da kuke faɗa kafin ku karɓi riyal. Duk wanda ya zo neman Chevrolet ta 1957 yakan miƙa hannu kan kwalin Bel Air marar ginshiƙi tsakanin tagogi, don ita ce mai ɗaukar ido. Ku kuwa sai ku tambaye shi me zai yi da ita. In ya ce ƙofa huɗu yake so, irin salun ɗin Amurka da dattawa ke ba da labarin zirga-zirgarsu tsakanin Jidda da Makka, sai ku nuna masa kwalin Revell na salun mai ƙofa biyu, ma'aunin 1/25. Dalilinku daidai ne: rufin waccan marar ginshiƙi ya fi gajarta, gilashin bayanta daban, alhali salun mai ƙofa biyu da mai huɗu rufinsu ɗaya. Wanda ya fara da kwalin da ya dace ya huta da yanke rufi, kuma a nan ne aikin mutane da yawa ke mutuwa.

Lissafin da kuke koya wa sababbin shiga shi ma ya cancanci yabo. A ma'aunin 1/25, inci ɗaya na babbar mota kusan milimita ɗaya ne a ƙarama. Tazarar tayar gaba da ta baya a Chevrolet ta 1955 zuwa 1957 inci 115 ce, ko ƙofa nawa gare ta, wato milimita 117 saura kaɗan. Ba a taɓa shasi ke nan. Sai a samo hoton motar mai ƙofa huɗu daga gefe, a buga shi yadda tazarar tayoyin za ta zo milimita 117, a kwashe layin ƙofofi daga kansa. Hoton da aka ɗauka a karkace ƙarya yake yi, a guje shi.

Aiki na farko toshe tsohon layin bayan ƙofa. Nan ma kun hana mutane asara, kuna cewa kada a cike shi da foti, wato ƙullin cike tsaga da ke cikin tub, domin yana motsewa in ya bushe, bayan wata biyu layin ya sake leƙowa ta ƙarƙashin fenti. Abin yi shi ne a yanko sandar robar da kayan ke maƙale a jiki, a ɗumama ta a kan kyandir, a ja ta ta zama zare, a kwantar a cikin layin, a bi ta da gam ɗin Tamiya mai ruwa-ruwa. Roba ce ke narkewa cikin roba, babu baƙon abu a tsakani. A bar shi mako guda kafin sanfefa. Mai gaggawa yakan goge bayan kwana ɗaya, robar tana laushi tukuna, daga baya wurin ya lotsa.

Sannan a yanke ginshiƙin tsakiya da siririn zarto, a matso da shi gaba, tunda ƙofar gaban mai huɗu ta fi gajarta. A tokare shi ta ciki da fallen robar Evergreen mai kaurin milimita 0.5, in ba haka ba ranar da aka zo sa gilashi zai karye. Akwai kuma ƙaramar taga bayan ƙofar baya wadda ba ta buɗewa. Mutane kan manta da ita, sai mota ta fito kamar ba ita ba. Tsaga sabon layi kuwa, a manna tef ɗin Dymo, mai kaurin nan na buga suna, ya zama jagora, a ja matsagi mai bakin milimita 0.2 sau goma zuwa goma sha biyar da sassauƙan hannu. Dannawa ɗaya mai ƙarfi ita ke sa baki ya zame ya karce ƙofa. Inda ƙofar baya ke lanƙwasa saman taya, a yanko jagoran daga fallen roba, don tef ba ya bin lanƙwasa mai tsanani.

Cikin mota ba shi da wuya, sai dai a tuna. Bayan kujerar gaban mai ƙofa biyu a rabe yake don a kifa shi a shiga baya. A cike tsagar da Milliput, ƙullin da ake kwaɓawa ya daskare. Mariƙin ƙofa biyu ne a kwali, ana buƙatar huɗu, wayar tagulla ta milimita 0.5 ta wadatar.

Fenti a Jidda wani yaƙi ne daban, kuma kun fi kowa saninsa. Raɓar Bahar Maliya na sa fenti mai sheƙi ya yi fari-fari, domin tina tana tashi da sauri, jikin motar ya yi sanyi, danshi ya sauka a kai. Zafi kuma na busar da fenti tun yana iska, ya sauka da ƙuraje. Maganin da kuke bayarwa: a fesa a ɗakin da na'urar sanyaya ta jima tana aiki, a buɗe taga bayan an gama, a sa abin rufe hanci, a sirka fenti kashi ɗaya da tinar Mr. Color mai jinkirin bushewa kashi ɗaya da rabi, ƙarfin iskar injin feshi kuma kada ya wuce psi 15 zuwa 20. Kafin nan a shimfiɗa Mr. Surfacer 1000, wato fentin share fage, shi ke tona duk karcen da ido bai gani ba, a bi da sanfefa 600, 1000, har 2000. Kada a ɗora fentin lacquer a kan na inamel, yamutsewa zai yi. Su kuwa gwangwanayen feshi, da yake ba a yarda fasinja ya hau jirgi da su ba, ajiye su da kuke yi a shago ba ƙaramin taimako ba ne.

Mun kuma yaba da yadda kuke hana sayen sufa gulu don gilashi, ku ba da farin gam, saboda tururin sufa gulu na bar wa gilashi hazo mai wuyar gogewa. Haka gargaɗin cewa kada a bar kwali cikin mota a rana, bodi zai murɗe. Bamba mai tabon kurom a jiƙa ta a Clorox, kurom ɗin ya fita, a gyara, a sake fesawa. Adon gefe kuwa Bare-Metal Foil, siririn fallen ƙarfe mai ƙyalli da ake mannawa, a yanka da sabuwar reza kowane lokaci.

Roƙo ɗaya gare mu, Alhaji: fallen roba mai garai-garai na milimita 0.25, wanda ake yanka tagogin gefe da shi, yana saurin ƙarewa. In hali ya yi, a ƙara yawansa a oda mai zuwa.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ƙara buɗi, Ya saka muku da alheri.

Naku,
'Yan'uwanku masu haɗa ƙananan motoci, Jidda da Makka