Mai shirin zuwa Essawira wasan laimar iska ya auna iskar kafin ya yanki tikiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da matasanmu da suka fara kwaɗayin wani wasa da suke gani a bidiyon TikTok da Instagram. Za ka ga mutum tsaye a kan ɗan allo a saman teku, wata ƙatuwar laima tana can sama tana jan sa da igiyoyi, yana yanka ruwa yana tsalle. Masu yin sa suna ce masa kaitsafin, kuma a 2024 aka fara saka shi a gasar Olamfik, inda aka yi tseren a tekun Marsay ta Faransa. Cikin garuruwan da suka yi suna da wasan akwai Essawira, a gaɓar tekun Atilantika a Maroko, garin da ake yi wa kirari da birnin iska na Afirka. Maganarmu ita ce, wannan kirarin da ke jan mutane shi ne kuma ke ɓata wa sabon shiga tafiyarsa idan ya zaɓi wata ba bisa lissafi ba.

Iskar Essawira 'yar uwar iskar hunturunmu ce, duka daga arewa maso gabas suke tasowa, sai dai a can ƙarfinta yana zuwa ne daga Afrilu zuwa Satumba, lokacin da mu muke cikin bazara da damina. Dalilin shi ne Sahara takan ɗauki zafi, iskar da ke samanta ta tashi sama, sai iska mai sanyi da nauyi daga kan teku ta kwararo ta bi gaɓa domin cike gurbin. Shi ya sa da safe garin yakan wayi gari shiru-shiru, da hantsi ta fara motsi, bayan azahar kuwa ta kai maƙura. Ana auna ta da ma'aunin matuƙan jirgin ruwa da ake kira not, kuma not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. A Yuli da Agusta ba abin mamaki ba ne ta kai not 30 ko ta zarce da la'asar, yashi yana feshin ƙafafu kamar allura. Gwanaye wannan suke nema. Mai koyo kuwa abin da ya dace da shi not 12 zuwa 20 ne.

A nan ne lissafi yake yaudarar mutane. Ƙarfin da iska take ja da laima ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, riɓanya yake yi. Idan iska ta tashi daga not 20 zuwa 28, a ido ƙari ne na kashi 40 cikin ɗari, amma jan da laimar za ta yi maka ya kusa ninki biyu. Laimar da ta yi maka daidai da sha ɗaya na safe, ita ce za ta ɗaga ka sama da ƙarfe uku na rana. Don haka wanda bai taɓa riƙe sandar tuƙin laima ba ya nufi Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Akwai ranakun da iskar za ta ƙi zuwa gaba ɗaya, saboda haka tafiyar kwana huɗu caca ce. A ware kwana goma. Manhajojin Windguru da Windy suna nuna hasashe, amma abin da ya wuce kwana uku zuwa huɗu a gaba kada a gina shiri a kansa.

Kafin maganar biza ma akwai tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa tsakani da Allah: ka iya iyo? Ba wankan kududdufi ko bakin dam muke nufi ba. Muna nufin ka yi mita 200 ba tare da ka taka ƙasa ba, kuma ka iya tsayawa a ruwa mai zurfi minti goma hankalinka kwance. Yawancinmu 'yan tudu ne, ba abin kunya ba ne a ce ba a iya ba. A koya a gida tukuna, ya fi arha nesa ba kusa ba.

Kada kuma a sayi kaya kafin a koya. Makarantun da ke bakin tekun suna ba da komai a cikin kuɗin darasi, kuma suna canza maka girman laima gwargwadon iskar ranar. A nemi malami mai takardar shaida ta IKO ko VDWS, ƙungiyoyin da ke horar da malaman wasan, a tambayi ɗalibai nawa yake haɗawa a laima ɗaya, kada su wuce biyu, a kuma tambaya ko suna da hular kwano mai rediyo da abin ceto a ruwa. Yawanci ana buƙatar awa 9 zuwa 12 na darasi kafin mutum ya fara miƙewa a kan allo, kuma fiye da awa uku a rana ɓata kuɗi ne, domin hannu da wuya sun gaji, kai ya daina ɗauka. Ranar farko a kan yashi ake yin ta da 'yar ƙaramar laima. Daga nan a shiga ruwa ba allo, laima tana jan ka a kan ciki, har ka iya komawa wajen da iska take fitowa ka ɗauko allon da ya kuɓuce. Ɗalibai sun fi ƙosawa da wannan matakin, alhali shi ne zai hana ka asarar allo ranar da babu malami kusa.

Ga kayan a taƙaice. Laimar tana da baki mai kama da tiyub da ake hura wa iska da famfo har ya yi tauri, shi ke sa ta yi iyo idan ta faɗa ruwa. Wasu 'yan uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka ƙirƙiro wannan fasalin a shekarun 1980. Igiyoyi huɗu ne a mafi yawan laimomi, tsawonsu mita 22 zuwa 24: biyu na gaba suna ɗauke da nauyi kuma suna haɗe da ɗamarar da ke ƙugunka, biyu na baya suna ƙarshen sandar tuƙi. Girman laima da murabba'in mita ake faɗinsa, kuma masu wasan suna da wani ƙiyasi: ka ninka nauyinka da 2.2, ka raba da gudun iska. Mai kilo 75 a iskar not 15 zai ɗauki mita 11 ko 12, a not 25 zai sauko mita 7, a not 30 kuwa 5 ko 6. Wanda ya riga ya iya, ya kwaso laimarsa mita 12 ita kaɗai zuwa Essawira a watan Yuli, zai ƙare hutunsa yana shan shayin na'ana'a yana kallon wasu.

Abin da ya kamata a haddace kamar karatun allo shi ne matakan tsira guda uku. Na farko, saki sandar. Ɗabi'ar ɗan Adam ce idan ya tsorata ya ƙanƙame abin da ke hannunsa, to a wannan wasan jawo sanda zuwa jiki ƙara wa laima ƙarfi yake yi, tura ta gaba ko sakinta shi ke rage shi. Na biyu, idan hakan bai isa ba, ka tura jan maɓallin da ke gaban ɗamara, laimar za ta zube ta rataye a igiya ɗaya ba ƙarfi. Na uku, idan har yanzu tana jan ka, misali ta harɗe da ta wani, ka kwance igiyar tsaron da ta rage tsakaninka da laimar ka rabu da ita baki ɗaya. Laima ana sayen wata. Maɓallin nan yashi yana cushe shi ya ƙi buɗewa, kuma Essawira garin yashi ne, don haka a buɗe shi a mayar kafin kowace shiga ruwa, a ɗauraye shi da ruwan famfo da yamma.

Munanan haɗurran wasan nan galibi a tudu suke faruwa, wajen tayar da laima da sauke ta. Mutum ya haɗa igiya a karkace, ta hagu ta koma dama, laima tana tashi ta juya ta ratsa tsakiyar iska ta ja shi a ƙasa. Maganin shi ne a bi igiyoyin da yatsu tun daga sanda har laima, kuma a tuna ɓangaren sanda mai jan launi na hannun hagu ne. Wani kuma ya tsaya hira a bakin ruwa da laima tsaye a saman kansa, guguwa ta zo ta ɗaga shi. A iska mai fizga, laima tana zama ƙasa-ƙasa ta gefen teku, kuma da ta tashi a shiga ruwa. A bar tazarar aƙalla mita 50 ba kowa ba komai ta inda iska ta nufa. A bakin tekun Essawira wannan ya haɗa da raƙuma da dawakan da ake hayar wa baƙi, waɗanda laima takan firgita. Kada a naɗe igiya a yatsa ko da wasa, siririya ce amma idan ta miƙe yanka take kamar reza. Kada kuma a ɗaure allo a ƙafa da igiya, domin idan ka faɗi zai dawo da gudu ya same ka a kai.

A ruwa akwai dokar hanya. Idan biyu suka fuskanci juna, wanda hannunsa na dama yake gaba shi ke da hanya. Wanda yake ta inda iska take fitowa ya ɗaga laimarsa, wanda yake ta inda ta nufa ya yi ƙasa-ƙasa da tasa. Mai shiga ruwa daga tudu ana ba shi hanya. Mai son a kama masa laima ya sauke yana dafa saman kansa da tafin hannu.

Shi bakin tekun doguwar gaɓa ce mai lanƙwasa da ta taso daga tashar jiragen kamun kifi ta yi kudu, tsibirin Mogador yana tare mata manyan igiyoyin ruwa. Kusa da gari iskar tana ratsowa ta saman ganuwa da gine-gine, sai ta zo a yayyanke, yanzu ƙarfi yanzu babu. Can kudu wajen ƙauyen Diyabat ta fi daidaito, amma a kula da kufan tsohuwar hasumiyar Borj el-Barud da duwatsunta a bakin kogin Ksob. A duba jadawalin cikar teku da janyewarta, domin idan ta cika filin shimfiɗa igiya yana raguwa. Sidi Kawki, kimanin kilomita 25 kudu, wurin manyan igiyoyin ruwa ne. Mulay Buzarktun da ke arewa kuwa, ga duwatsu ga iska mai tsanani, na gwanaye ne kawai.

Abin da ke ba 'yan ƙasarmu mamaki shi ne sanyi. An ji Maroko an ɗauka zafi. Ruwan wannan gaɓa ko a tsakiyar bazararsu yana wajen digiri 18 zuwa 21, saboda kwararar ruwan teku mai sanyi, wadda ake kira ta Kanari, da ke gangarowa daga arewa. Sai da rigar roba mai rufe jiki duka, kaurin milimita 3, marar jiki ma ya nemi mai 4. Wannan rigar ta sauƙaƙa wa 'yan uwa mata batun sutura, a ɗora doguwar riga marar igiyoyi da hijabin iyo mai kama kai, banda mayafi mai lilo da zai iya shiga igiya. Iskar kuma tana ɓoye zafin rana, mutum ya yini bai ji ƙishi ba sai ciwon kai da dare.

Batun hanya ba shi da wuya. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar Maroko, a fara nemanta da wuri. Jirgi zai sauke ka a Kasablanka, jirgin ƙasa ya kai ka Marakesh cikin kusan awa uku, daga nan bas ta Supratours ko CTM ta yi wata awa uku zuwa Essawira, domin layin dogo bai isa can ba. Kuɗinsu dirhami ne, a can ake canzawa. A karanta takardar inshorar tafiya da kyau, da yawa sun cire irin wannan wasan daga abin da suke biya. Mota ba ta shiga tsohon gari, wanda Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ya gina a shekarun 1760 kuma ya zama tashar kayan ayarin Tumbuktu, don haka masu kura ne ke ɗaukar kaya daga ƙofa. Mai jakar allo ya fi samun sauƙi a masaukin bakin teku. Wajen watan Yuni ake bikin kiɗan Ginawa, wanda aka fara a 1998, kuma ɗakuna suna ƙarewa tun da wuri. Bahaushe zai so ya saurara, domin Ginawa jikokin mutanen kudu da Sahara ne, kuma masana sun daɗe suna kwatanta zamansu na dare da bori.

Wanda zai tafi da kayansa ya auna su a gida. Allo, laima biyu, sanda, ɗamara, famfo da rigar roba suna cinye kusan kilo 20, kuma tsawon jakar ya sa kamfanonin jirgi suna lissafa ta a kayan wasanni da kuɗinta daban, wanda ya fi sauƙi idan an biya tun wajen sayen tikiti. A saka facin gyaran laima da sukurori na ƙari na allo. Ranar dawowa a shanya komai a inuwa ya bushe sarai kafin a naɗe, domin jiƙaƙƙiyar laima tana ƙara nauyi a sikelin filin jirgi, kuma idan ta yi mako a jaka haka, fumfuna za ta kama yadin.

Wassalam.

Daga wasu masu karanta jaridarka