Kira ga ɗaliban kiwon lafiya kan darasin zuciya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da ɗaliban jinya da na unguwarzoma da sauran masu karatun kiwon lafiya. Ni malamar jinya ce, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ɗalibai ke raba darasin zuciya gida uku: surarta daban, tafiyar jini daban, lantarkinta daban. Su haddace kowanne, su ci jarrabawa, amma ranar da aka tsayar da su a gaban majinyaci sai abin ya warwatse musu.

'Ya'yana, zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. Ku bi jinin da kanku. Wanda ya gama zagaya jiki yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu, ta sama da ta ƙasa, ya zuba a ɗakin sama na dama. Daga nan ya ratsa bawul mai ganye uku, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, zuwa ɗakin ƙasa na dama, wanda ke tura shi huhu ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Ba ya keta bangon tsakiya ya koma hagu. Likita Ibn al-Nafis ya bayyana haka a Alƙahira tun ƙarni na 13, kafin William Harvey na Ingila ya fayyace zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Jijiyoyi huɗu ne ke dawo da jinin daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu, ya wuce bawul mai ganye biyu da ake kira maitiral, sannan ɗakin ƙasa na hagu ya harba shi cikin ayota, babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki. Bangon wannan ɗaki ya ninka na dama kauri kusan sau uku, domin shi ke kai jini har tafin ƙafa.

Wanda ya riƙe wannan hanya ba sai ya haddace alamomin ciwo ba. Idan ɓangaren hagu na zuciya ya gaza, jini ya taru a bayansa, wato a huhu. Shi ya sa za ka ga dattijo ya ƙi kwanciya, yana neman a ƙara masa matashin kai, yana haki da tsakar dare. Idan dama ce ta gaza, sai jijiyar wuya ta cika, ƙafa ta kumbura, ka danna yatsa ka ɗaga ramin yana nan.

To wa ke ba da umarnin bugun? A saman ɗakin sama na dama akwai wani ɗan dunƙulen ƙwayoyi da ake kira ƙullin SA, yana sakin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ga baligi mai hutu. Saƙon ya bazu a ɗakunan sama su matse, sai ya isa ƙullin AV da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, a nan a ɗan riƙe shi kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan ɗan jinkiri shi ne abin da na fi so ɗalibi ya fahimta, domin da shi ne ɗakunan ƙasa ke samun damar cika kafin su matse. Daga nan saƙon ya bi damin His da zaruruwan Purkinje, wato hanyoyin da ke kai shi ɗakunan ƙasa. Idan ƙullin SA ya yi shiru, yankin AV zai karɓa da bugu 40 zuwa 60 a minti; idan hanyar ta yanke gaba ɗaya, ɗakunan ƙasa su lallaɓa da 20 zuwa 40, majinyaci ya riƙa jin jiri ko ya suma.

Haka ake karanta takardar ECG, wato zanen lantarkin zuciya. Tudun P na ɗakunan sama ne, QRS na ɗakunan ƙasa, T kuma komawar ɗakunan ƙasa cikin shiri. Tazarar PR, wato daga farkon P zuwa farkon QRS, wadda lafiyarta ke tsakanin daƙiƙa 0.12 da 0.20, ita ke nuna maka jinkirin nan. Kuma a tuna, jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya sun fi samun jini a lokacin da ta saki. Idan bugu ya yi sauri fiye da kima, sai lokacin sakin ya gajarce, ita kanta zuciyar ta rasa abincinta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗalibi ya kafa wa allon na'ura ido ya manta da mutumin da ke kwance. Na'urar nan lantarki take nunawa, ba ta shaida cewa jini yana tafiya. Akan ga layi yana gudu daidai a allo alhali babu bugu a wuya. Don haka ina roƙon 'yan'uwana malamai su saba wa ɗalibai da ɗora yatsa a kan jijiya duk lokacin da suke duba allo. Bugun da ba ya tafiya daidai a ƙirga shi minti guda cur. Majinyacin da ya faɗi ba ya numfashi kuwa, kada laluben bugunsa ya wuce daƙiƙa 10. A nemi agaji, a fara danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Taku,
Malamar ɗaliban jinya