Manoman Italiya da suka ɓoye fursunonin yaƙi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in tuna da talakawan Italiya na 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka sanar da tsagaita wuta tsakanin Italiya da ƙasashen ƙawance (Birtaniya, Amurka da abokansu) ranar 8 ga Satumba, dubban sojojin ƙawance da ke tsare a Italiya suka tsere. A sansanin Fontanellato da ke arewacin Italiya kaɗai, kimanin 600 suka fice washegari.

Jamusawa, waɗanda suka mamaye yankin, sun yi shelar kisa ga duk wanda ya ɓoye su. Duk da haka manoma, masu hannu baka hannu ƙwarya, suka kwantar da baƙin a ɗakin ciyawa da garken tumaki, suka sanya musu tsofaffin tufafin 'ya'yansu, suka raba ɗan burodinsu da su. An ƙone gidajen wasu, an harbe wasu. Wallahi abin yana taɓa min zuciya.

Don Allah ku kawo mana cikakken tarihinsu.

Naku,
Mai karatu, Kano