A buɗe wa ƙananan yara ƙofar laburare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan ɗakunan karatu na gwamnati, wato laburare, da yadda aka manta da ƙananan yara a cikinsu.

Kwanakin baya na kama hannun jikata mai shekara huɗu muka je wani laburare. Tun a bakin ƙofa aka ce yara surutu gare su, za ta dami masu shirin JAMB da WAEC. Da ƙyar aka bar mu muka shiga, aka nuna mana wata kanta a lungu, ƙura ta yi mata lulluɓi. Duk littattafan Turanci ne, hotunan dusar ƙanƙara da gidajen Ingila. Yarinyar ta zaro guda, ta lashi yatsa yadda take ganin kakanta yana yi in zai juya shafin Alƙur'ani, ta yi ta buɗawa, can ta ɗago ta ce, "Hajiya, ina akuya?" Wallahi har muka iso gida tambayar nan na ci mini rai.

Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya kafin in yi ritaya. Ranar farko kake gane yaron da ya taɓa riƙe littafi a gida: ya san inda ake farawa, ya san boko daga hagu yake tafiya, ba daga dama ba kamar rubutun allo. Wanda bai taɓa ba kuwa, sai zango ya ƙare kana fama da shi a kan wannan kaɗai. Ba laifin iyaye ba ne. Uwar da ke lissafin kuɗin cefane ba za ta sayi littafin hotuna ba, aro ne ya kamace ta.

Kuma ba a rasa abin sawa a kantocin ba. Shirin Mu Karanta ya samar da littattafan Hausa ga 'yan firamare a Bauchi da Sakkwato, shirin koyar da karatu da lissafi na RANA ya yi irin haka a Katsina da Zamfara. Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, ya daɗe yana ɗab'i da Hausa. Me zai hana hukumomin laburare na jihohi su nemo waɗannan, su kuma sa marubutanmu da masu zane su yi wa 'yan ƙasa da shekara shida nasu?

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi da yawa. A ware ɗaki guda, a shimfiɗa tabarmi, duk ranar Asabar da hantsi a samu mai cewa "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta," da littafin a buɗe suna ganin Gizo da Ƙoƙi. Matan da ba sa fita a kai musu akwatin littattafai unguwa, su ara na mako biyu. Ranar riga-kafi ma iyaye mata na daɗewa a layin asibiti da goyo da 'yan yaye, nan ma wurin karatu ne.

Mu tsofaffin malamai muna nan da yawa. A kira mu, ni kam zan zo da tabarmata, ba sai an biya ni ba.

Na gode.

Taku,
Wata malamar firamare mai ritaya