Ciwon gwiwa ba tsufa kaɗai ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi tsokaci kan shafinku na lafiya na makon jiya, inda aka ce ciwon gwiwar tsofaffi cinyewa ce kawai, kamar yadda takalmi ke cinyewa da yawan tafiya. Masana sun daɗe da barin wannan magana, kuma wata mata na cikin waɗanda suka fara rusa ta.

Sunanta Helen Muir, Baturiyar Ingila da aka haifa a Indiya a 1920. Ta karanta kimiyyar sinadarai a Oxford a hannun Dorothy Hodgkin, wadda daga baya ta ci kyautar Nobel. A 1966 ta koma Cibiyar Kennedy da ke Landan a lokacin, mai binciken cututtukan gaɓɓai, har ta shugabance ta daga 1977 zuwa 1990. Ta rasu a 2005.

Guringuntsi ta sa a gaba. Duk wanda ya taɓa gwigwiyar ƙashi a farfesun ƙafar saniya ya san shi, farin nan mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashi. Ba shi da jijiyar jini, kuma galibinsa ruwa ne. To me ke riƙe ruwan, har mutum ya ɗora nauyinsa a kai shekara sittin? A 1972 ita da abokin aikinta Tim Hardingham suka gano cewa wasu manyan sinadarai masu zuƙar ruwa suna jeruwa ne a jikin wani dogon sinadari kamar zare, su dunƙule su yi girman da ba za su iya sulalewa daga guringuntsin ba. Ka taka ƙasa ruwan ya matse, ka ɗaga ƙafa ya koma, tamkar soso. Binciken da aka yi a ɗakin gwajinta kan karnuka masu raunin gwiwa ya kuma nuna cewa guringuntsi na fara canjawa, ya ƙara ruwa, ƙwayoyin halittarsa su sauya aiki, tun kafin ido ya ga wata ɓarna. Ashe abu ne mai rai da ke fama da cuta. Takalmi kuwa ba ya haka.

Abin ya taɓa ni ne saboda mahaifiyata. Shekara uku tana sallah a kan kujera, sujada ta gagare ta. Wani likita, ko taɓa gwiwar bai yi ba, ya ce, “Mama, tsufa ne, sai haƙuri.” Daga nan ta koma wa ƙwayoyin kashe zafi na kemis har suka tayar mata da gyambon ciki. Sai da muka dace da wata mai gashin ƙashi ta koya mata motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya, Mama ta kuma rage ƙiba, sannan ta fara zuwa unguwa da ƙafarta.

Ban ce aikin Muir ya samar da maganin da ke mayar da guringuntsi sabo ba, har yau babu shi. Roƙona shi ne ku gayyato likitan ƙashi ya sake rubuta shafin, ya faɗa wa masu karatu abin da za su iya yi tun ciwon yana ƙarami, ya kuma yi gargaɗi kan waɗannan ƙwayoyi.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kimiyya, daga Zariya