Kafin ka yanke wa iyalinka hukunci, je a gwada ka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka, na ga gara in rubuto maka, domin maganar da muka fara a waya ba ta ƙare ba, kuma daga jin muryarka na san ranka a ɓace yake. Ba irin zancen da uwa take so ta yi da ɗanta ba ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarun da na yi ina aikin jinya sun sa na san cutar nan ciki da waje, don haka ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka sake ce wa yarinyar nan uffan.

Ka ce an gwada ta an samu kilamidiya, kai kuwa garau kake, ba zafin fitsari ba komai, saboda haka ba daga wajenka ta fito ba. Tun daga nan lissafinka ya karkace. Kilamidiya ƙwayar bakteriya ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma babban halinta shi ne ɓuya. A cikin mata 10 masu ɗauke da ita, wajen 7 ba sa jin komai. A maza ma kusan rabi haka suke yawo da ita suna ganin lafiyarsu ƙalau. Wanda alama za ta bayyana masa yakan gan ta ne mako 1 zuwa 3 bayan ya kamu: raɗaɗi wajen fitsari, ɗigar wani ruwa daga gaba, ko ciwon maraina, mace kuma ciwon mara, canjin ruwan gaba, ko ganin jini ba lokacin al'ada ba. Wani lokaci alamar ta zo kwana biyu ta ɗauke, mutum ya ce ya warke, alhali ƙwayar tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sababbin kamuwa kusan miliyan 129 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Rashin jin ciwo a jikinka ba shaidar komai ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi ci maka rai, wanda ka kasa faɗa mini kai tsaye. Kana zargin ta ci amanarka. Ka saurare ni da kyau: takardar gwajin nan abu ɗaya kawai ta sani, cewa ƙwayar tana jikinta ranar da aka ɗauki samfur. Ba ta san ranar da ta shiga ba, ba ta san ta hannun wa ta shiga ba. Cutar nan tana iya zama a jikin mutum watanni, har ta haura shekara, shiru. Aurenku ko shekara bai cika ba. Kai ka taɓa aure, ita ma ta taɓa. Tana iya yiwuwa ta zo da ita daga gidanta na fari ba tare da ta sani ba, kamar yadda tana iya yiwuwa kai ne ka shigo da ita ka ba ta, ita kuma jikinta ya riga naka yin magana. Babu likitan da zai duba sakamakonku ya nuna wanda ya fara.

Ba zan rufe ka ba, cin amana ma hanya ce, kuma yana faruwa a gidajen mutane. Amma idan takardar nan ce kaɗai hujjarka, to ba ka da hujja. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda za a gina a kan abin da ba a fahimta ba. In akwai wani abu dabam da ka gani, wannan magana ce ta zama a natse tsakaninku, bayan kun warke. In kuma kai ne kake da abin da ka sani a zuciyarka, ba ni za ka faɗa wa ba, amma kada ka bari ta ɗauki kunyar da ba tata ba.

Haka kuma kada wani ya kwantar muku da hankali da ƙarya, wai a banɗaki ta ɗauka ko a tawul. Ba a ɗaukar kilamidiya a bakin masai, ko a kofi, ko a gaisawa. Ƙwayar a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum take rayuwa, ba ta daɗewa a waje. Gaskiyar da na faɗa maka a sama ta isa ta wanke zargi, ba sai an ƙaro mata ƙarya ba.

Ka ce ai kun yi gwajin jini kafin ku yi aure. Wancan na ƙanjamau ne da ciwon hanta da makamantansu, bai shafi wannan ba. Awon fitsarin da aka saba yi don ciwon mafitsara shi ma ba ya kama ta. Gwajinta dabam ne, ana ce masa NAAT, yana neman sinadarin gadon ƙwayar ne kanta, kuma sai ka buɗe baki ka ce shi kake so. Ba allura, ba ciwo. Za su ce ka riƙe fitsari na awa 1 zuwa 2, su miƙo maka 'yar roba mai murfi, ka tari farkon fitsarin da ya fito, ba na tsakiya ba, domin shi ne yake wanko hanyar. Ka rufe, ka miƙa, shi ke nan. Mace kuma ɗan tsinke mai auduga ake ba ta, sau da yawa ita da kanta take ɗaukar samfurin. Tunda ka je, ka ce a haɗa maka da gwajin ciwon sanyi na gonoriya, da tunjere, da ƙanjamau, domin sukan yi tafiya tare.

To idan naka ya fito ba ka da ita fa? Na san abin da zuciyarka za ta raya maka, shi ya sa nake rigan ta. Ba kowace saduwa ce take sa a kamu ba. Wani jikinsa yana kawar da ƙwayar da kansa a hankali. Wani kuma ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta don tari ko wani ciwo, ya warke daga wadda bai ma san yana da ita ba, bayan ya riga ya ba matarsa. Kuma ko sakamakonka ya fito fes, likita zai ba ka magani, saboda kai ne abokin shimfiɗarta. Ka karɓa ka sha.

Maganin ba wuya. Yawanci doksisaikilin ne, miligiram 100 safe da yamma har kwana 7. Ka sha da ruwa cike da kofi, kana zaune ko a tsaye, kada ka haɗiye ka kwanta nan take, yana ƙona maƙogwaro. Idan akwai alamar tana da juna biyu, lallai ta faɗa wa likita, domin ba a ba mai ciki wannan. Azitiromaisin ake ba ta. Ku sha a lokaci guda, ku shanye duka ko da kun ji sauƙi a kwana na uku, kuma ku ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 su cika kuma kowannenku ya gama nasa. A nan ne na ga gidaje da yawa sun faɗi. Matar ta sha magani ta warke, mijin ya ce shi lafiyarsa lau, bayan wata biyu ta dawo da ciwon nan dai. Warkewa daga kilamidiya ba ta hana a sake kamuwa, kuma kowace komawa tana ƙara wa mace haɗari.

Wannan haɗarin ne ya hana ni barci tun da muka yi waya. Kai namiji, in ta yi maka tsanani ta kumbura maka maraina, wani lokaci ta taɓa gaɓoɓi. Ita kuwa, ƙwayar daga bakin mahaifa take hawa, ta shiga mahaifa, ta kai ga bututun da ƙwai ke bi. Bututun nan siriri ne ƙwarai, in ya kumbura ya warke sai ya bar tabo, tabon kuma magani ba ya goge shi. In ya toshe gaba ɗaya, haihuwa ta yi wuya. In ya toshe rabi, ciki yana iya tsayawa a cikinsa ya fara girma a inda ba wurinsa ba. Na sha tsayawa a kan irin waɗannan mata: an kawo ta cikin dare, leɓɓanta sun yi fari, gumi mai sanyi a goshi, tana riƙe da gefen mara, bututun ya fashe jini yana zuba a ciki, ana gudu da ita ɗakin tiyata. Mijin yana tsaye a waje yana salati, bai san cewa ƙwayoyin kwana 7 da an sha a kan lokaci da wataƙila ba a kai ga haka ba. Na kuma ga jarirai 'yan kwana 5 zuwa mako 2 da idanu a kumbure suna zubar da kwantsa, sun ɗauka wajen haihuwa. Wasu daga baya ta sauka musu a huhu. Ciwon marar da ya kai iyalinka asibiti shi ne ya tona cutar, kuma ka gode wa Allah da ta je. In ciwon ya ƙaru, ko zazzaɓi ya shigo, kada ku jira gari ya waye, domin maganin wanda ya riga ya hau sama ya fi wannan tsawo da ƙarfi.

Abu biyu suka rage. Bayan wata 3 ku koma a sake gwada ku duka, haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, take ba da shawara, saboda sake kamuwa yana da yawa. Kada ku yi gaggawar komawa cikin mako 3 na farko, gwajin yana iya tsinto matattun ƙwayoyi ya tayar muku da hankali a banza. Na biyu ya fi nauyi: matarka ta fari. Idan an same ka da cutar, tana da haƙƙin ta sani don ta je a duba ta, ko da rabuwarku ba ta yi daɗi ba. Ka nemi shawarar likitan kan yadda za a isar mata da saƙon cikin sirri.

Maganar nan kuma ta tsaya tsakaninku da likitanku. Ni ban faɗa wa mahaifinka ba, ba kuma zan faɗa wa 'yan'uwanka ba. Yau ɗin nan ka shiga wajenta ka yi mata sannu da jiki, ka ce gobe tare za ku tafi asibiti. Ita ma a tsorace take, kuma tun da abin nan ya faru ba ta da wanda za ta faɗa wa sai kai da ka daina yi mata magana.

Ka gaishe mini da ita. Allah Ya ba ku lafiya, Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka